Sai Ranar da Gari Ya Bushe Muke Fita Neman Ruwa

Duk wanda na gaya wa cewa kamfanina aikin ruwan sama yake yi, sai ya ɗauka hadari muke jira kafin mu samu ciniki. Alhali fitarmu mafi muhimmanci ita ce ranar da sama ta yi kwana biyu ko uku ba ta zubar da ko ɗigo ba. A irin wannan rana bakin kowace magudanar ruwan sama ya kamata ya zama a bushe ƙayau. Idan muka je muka tarar ruwa na tsiyaya, to akwai magana. Wataƙila ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya samu tsaga ya shigo, wataƙila kuma wani ne ya jona bututun bayan gidansa inda bai kamata ba.

Kamfaninmu ƙarami ne, a nan Amurka, kuma hukumomi muke yi wa aiki: ƙananan garuruwa, gundumomi, manyan makarantun gwamnati. Galibin garuruwan nan hanyar ruwa biyu gare su a ƙarƙashin titi. Ɗaya tana kwasar ƙazantar gidaje zuwa matatar da ake tace ta. Ɗayar tana kwasar ruwan sama daga kan kwalta ta juye shi kai tsaye cikin rafi, ba tacewa ba komai. Baƙin man da ya ɗiga daga mota, takin da aka barbaɗa wa ciyawa, kashin karnuka, lakar wurin gini, duk rafi suke nufa. Kuma ba ɗan ruwa ba ne. Ruwan sama inci 1 a kan fili eka 1 ya kai galan 27,000, kuma idan filin kwalta ne kusan dukkansa gangarawa yake.

Dokar da ta haifi sana'armu ta daɗe. A 1969 kogin Cuyahoga na birnin Cleveland ya kama da wuta saboda man da ke shawagi a kansa, kuma a 1972 majalisa ta yi Dokar Tsabtar Ruwa. Da farko masana'antu da matatun ƙazanta aka sa a gaba. Sai a 1987 aka gyara dokar ta haɗa da ruwan sama. A 1990 Hukumar Kare Muhalli, EPA, ta wajabta wa biranen da ke da mutum 100,000 zuwa sama su nemi izinin zubar da ruwan magudanansu, a 1999 kuma ta sauko kan ƙananan garuruwa. Izinin nan, wanda kowa a harkar ke kira MS4, shekara biyar yake yi a sabunta shi. Yana neman gari ya wayar da kan jama'a ya kuma sa su cikin aikin, ya farauto haramtattun bututu, ya sa ido kan wuraren gini lokacin aiki da bayan an gama, sannan ya tsabtace nasa gidan. Kan takarda abu ne mai sauƙi. Shi ya sa masu neman kuɗin banza suka cika kasuwar, zan zo kansu.

Ni a hannun wani dattijo na koyi aikin, mutumin da ya tsufa a sashen ayyuka na wani gari kafin ya buɗe nasa kamfanin. Na zo masa da takardar makaranta da son na'ura, shi kuwa maigidan, ƙugiyar ɗaga murfin ramin magudana ya miƙo mini da tocila. Ba ya barin ka fito da kayan gwaji sai ka tsaya a bakin magudana ka gaya masa abin da hancinka ya ji da abin da idonka ya gani. Warin ruɓaɓɓen ƙwai daban, ƙamshin sabulun wanki daban. Ciyawar da ta yi kore shar a ƙasan bututu alhali ta gefe ta bushe, tana ba ka labarin abin da take sha. Wani yauƙi mai ruwan toka da ke manne wa duwatsu, da ɗan guntun takardar bayan gida a maƙale a waya, waɗannan ba sa bukatar ɗakin gwaji.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne darasin kyalli. Ka ga ruwa yana walƙiya da launuka kamar an zuba fetur, sai ka yi zaton ka kama ɓarawo. Maigida zai tsinko kara ya ba ka ya ce ka taɓa. Idan kyallin ya tsage ya rabu gutsi-gutsi, kowane yanki ya tsaya da kansa, to ƙwayoyin halitta ne masu cin sinadarin ƙarfe, ba laifin kowa. Idan kuwa ya murɗe ya zagayo ya sake haɗewa, mai ne, sai a bi sawunsa. Har yau kara nake fara ba duk sabon yaron da na ɗauka.

Bin sawun shi ne inda gwaninta take. Ka ɗebi ruwa a bakin rafi, ka auna amoniya, da sabulu, da kulorin. Amoniya da sabulu tare suna nuna ƙazantar gida. Kulorin yakan nuna bututun ruwan famfo ne ya fashe ko an juye ruwan tafkin wanka. Kwalbar da za a gwada ƙwayoyin cuta kuwa cikin ƙanƙara take shiga, ta isa ɗakin gwaji kafin awa 6, in ba haka ba sakamakon bai da amfani. Daga nan sai ka hau sama, murfi bayan murfi, kana leƙawa kana duba ta wane reshe ruwan ke fitowa, har ka ƙuntata shi zuwa layi guda. A nan muke zuba rini mai haske a masan gidajen da muke zargi, mutum ɗaya a ciki, ɗaya a tsugune a kan rami yana jira. Wani lokaci mu hura hayaƙi a bututu, wani lokaci mu tura kyamara mai taya. Sau da yawa mai gidan bai ma sani ba. Wani mai gyaran famfo ne shekaru da suka wuce ya haƙa, ya ga bututu, ya jona, ya karɓi kuɗinsa.

To su waɗancan masu neman kuɗin banza da na ambata, ba sa yin ko ɗaya daga cikin wannan. Suna zaune a ofis da tsohon rahoto a kwamfuta, su canza sunan gari su canza kwanan wata. Na taɓa karɓar aiki daga wata hukuma, na buɗe rahoton da aka yi mata a baya, na tarar da sunan wani kogi da ba ya ma cikin gundumar. Taswirarsu ta nuna bakin magudana a wurin da na je na tarar da katangar makaranta. Abin da ke ci mini rai shi ne, ranar buɗe takardun kwangila, majalisar gari farashi kawai take kallo. A ce mini wane ya yi rabin kuɗinka. Ƙwarai zai yi, tunda takalminsa bai taɓa jiƙewa ba. Araha ba ta ado. Dokar Tsabtar Ruwa ta ba talakawa da ƙungiyoyin kare muhalli damar su kai hukuma kotu da kansu, kuma ranar da takardar ƙara ko mai bincike na jiha ya iso, lambarmu ake nema.

Wurin da na fi yin faɗa da abokan cinikina shi ne harabarsu. Gari zai buga takardun gargaɗi ga jama'a, alhali a bayan garejinsa ana wanke manyan motoci a kan kwalta, ruwan na bi ta rariya. Tulin gishirin da ake watsa wa titi lokacin dusar ƙanƙara yana nan a fili ba rufi. Ƙaramin cokali ɗaya na gishiri ya isa ya ɓata ruwa galan 5, kuma idan ya narke babu tafkin tacewa da zai cire shi. Nakan gaya musu ba tare da kwana-kwana ba cewa mai bincike daga nan zai fara. Muna rufe tulin, mu daidaita injin watsawa don kada ya zubar fiye da kima, mu kwashe ramukan tara yashi na gefen titi kafin su kai rabi, domin in sun wuce haka ruwa na gaba ne zai kwashe abin da suka tara.

Wuraren gini kuwa, duk wanda zai tone eka 1 ko fiye sai da izini. Ɗan kwangila zai kafa shingen tare laka, amma bai binne gindin yadin a ƙasa ba, laka na wucewa ta ƙarƙashi hankali kwance. Ni da ƙafa nake gwadawa. Ruwan wankin motar kankare ma ba abin wasa ba ne, kaifinsa na ƙona fata ya kashe kifi, dole a yi masa rami mai shimfiɗar leda.

Kuma ilimin bai tsaya ba. A 2020 masu bincike a jihar Washington suka gano abin da ke kashe wani nau'in kifin salmon a rafukan yankin Seattle bayan an yi ruwa: sinadari ne da ke fitowa daga garin tayar mota. An kuma ga cewa idan ruwan titi ya ratsa cakuɗen yashi da takin ganye kafin ya kai rafi, kifin na tsira. Irin waɗannan lambunan tace ruwa muna duba su, kuma sharaɗina ɗaya ne: su tsotse ruwansu cikin kwana biyu zuwa uku. Wanda ya riƙe ruwa fiye da haka ya toshe, sai an tone samansa an sake.

Idan muka gama wa gari aiki, muna barin masa taswirar da muka taka kowane ɗigo nata da ƙafa, da hoton kowane bakin magudana da ranar da aka ɗauke shi, da sakamakon gwaji yadda ya fito, mai daɗi da marar daɗi. Ma'aikatan garin kuma muna fita da su fili mu nuna musu ɗaga murfi da ɗibar ruwa, don zagaye na gaba su iya yin rabinsa da kansu. Hukumar da izininta ya kusa ƙarewa ta neme mu tun da sauran watanni, saboda gwajin ranar bushewa sai yanayi ya ba da dama.