Lambar da ta tsallake gwajina: 4,294,967,297

Har yanzu abin yana ci mini rai. Na rubuta ɗan shiri a kwamfuta don tantance manyan lambobi: cika ce ko mara, me ke raba ta, kuma ko firam ce, wato wadda ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta. Don gano firam na yi amfani da gwajin Fermat da lamba 2, saboda saurinsa: a cire 1 daga lambar, a ninka 2 da kanta sau wannan adadi, a raba da lambar, idan saura 1 ne sai a ɗauka firam ce. Sai na ba shi 4,294,967,297, wato 2 a ninka ta da kanta har sau 32, a ƙara 1.

Mara ce, ba ta rabuwa da 3, da 5, da 7. Gwajin ya ba da saura 1, ya ce firam ce, na rubuta haka a jadawalina, na ɗora sauran aikin a kai.

Ashe ba firam ba ce! 641 sau 6,700,417 ne. Na ɗauki biro na ninka da hannuna, ina fata a ce ƙarya ne, lambar ta fito tsaf har 7 ɗin ƙarshe.

Abin takaicin shi ne, ba tsautsayi ba ne. Idan ka raba 2 mai ninki 32 da wannan lamba, da ɗaya kacal ta gaza cika ta. Saboda haka a ninki na 64 saura zai koma 1, shi kuwa ninkin da gwajin yake nema 64 ta raba shi daidai. Ko ana ha maza ha mata sai ta wuce. Lambar 2 makauniya ce a gabanta. Irin waɗannan masu shigar burtun ma ba sai an je nesa ba, 341, wato 11 sau 31, haka take wucewa. Da na sa 3 a madadin 2, nan take asiri ya tonu.

Shi kansa Fermat, Bafaranshen masanin lissafi, a 1640 ya zaci duk lambobin wannan jeri, wato 2 mai ninki 1, 2, 4, 8, 16, 32 da sauransu a ƙara 1, firam ne, ganin 3, 5, 17, 257 da 65,537. Sai a 1732 masanin lissafi Euler ya fasa ta shida, wato wannan lamba tawa. Dabararsa ta burge ni matuƙa: duk firam da za ta raba wannan lamba, dole idan ka cire mata 1 ta rabu da 64. Sai ’yan takara suka rage 193, 257, 449, 577, sannan 641. Ta biyar ke nan, kuma babu kwamfuta.

Idan za ka rubuta irin wannan shiri, kada ka yarda da shaidar 2 ita kaɗai, haɗa da 3 da wasu. Lambar da ba ta wuce wannan girman ba kuwa, raba ta kai tsaye da firam-firam har zuwa 65,536, ƙiftawar ido ce a wurin kwamfuta.

Na gyara jadawalin. Masu raba ta huɗu ne: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta. Ukun farko jimillarsu 6,701,059, nesa ƙwarai da lambar, don haka ta shiga sahun masu gibi, wato lambobin da jimillar masu raba su, ban da su kansu, ba ta kai su ba.