Ni da maganin ƙwaƙwalwa

Wata bakwai ke nan ina shan maganin ƙwaƙwalwa. Muryoyin nan da nake ji a kaina suna hana ni sakat sun yi shiru, alhamdu lillahi, amma fa na ji jiki.

Da Haloperidol aka fara min. Rannan a rumfarmu ta Kwari ina auna wa wata Hajiya shadda, kawai wuyana ya sandare, idanuna suka kafe sama. Maigidana ya zaci iska ce, har ya fara tofi. Likita ya ce aikin maganin ne, ya canza min zuwa Olanzapine.

Shi kuma ga barci ga ci! Da asuba sai Umma ta yi ta jijjiga ni: "Tashi mana, ɗan nan!" Kaftanina na Sallah ma ya ƙi shiga. Jibi zan koma asibiti a auna min suga, don maganin kan iya ɗaga shi.