Kwana 12 a hanyoyin burjin Namibiya da motar haya

Mu uku muka yi tafiyar: ni, da Yaya, da ɗansa na fari. Yaya ya yi shekaru yana jan mota tsakanin Kano, Damagaram da Agadas kafin ya ajiye tuƙi ya koma kasuwa, shi ya sa da na kawo maganar mu je Namibiya mu hayi mota mu zagaya da kanmu, muna kwana a tanti, hankalina kwance yake. A ganina rairayi ne abin tsoro, ga shi kuwa ina tare da wanda ya san rairayi kamar yunwar cikinsa.

Namibiya ƙasa ce mai faɗin kusan murabba'in kilomita 824,000, ba ta yi nisa da girman Nijeriya ba, amma mutanenta gaba ɗaya wajen miliyan 3 ne. Sai ka yi awa guda kana tuƙi ba ka ga gida ba, ba ka ga mai tallan ruwa ba, balle mai faci. Kwalta ta haɗa manyan garuruwa kawai, sauran hanyoyin yawancinsu burji ne da tsakuwa. Wannan shi ne abin da ya ja ni, kuma shi ne abin da ban lissafa da kyau ba.

Wata shida kafin tafiya na zana hanya a taswirar waya. Na sa kwazazzabon kogin Fish da ke can kudu, na sa tuddan rairayin Sossusvlei, da bakin teku, da gandun dajin Etosha, har da zirin Zambezi da ke arewa maso gabas, duk a cikin kwana 12. Na kai wa Yaya takardar. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Auta, kilomita ka rubuta min. Ina awannin?" Na ce wayar ta ba da lissafi. Ya ce, "Wayar ba ta canza taya, ba ta salla, ba ta dafa abinci." A zaman nan muka cire kogin Fish da Zambezi. Na ji zafin cire su, don na riga na sa rai, amma ko bayan haka tsarin bai ragu yadda ya kamata ba.

Abu ɗaya da na yi daidai shi ne kama wurin kwana da wuri. Daga Yuli zuwa Oktoba lokacin rani ne a can, lokacin da baƙi suka fi yawa, kuma sansanonin da ke cikin gandun daji, irin su Sesriem da Okaukuejo, suna cika tun da watanni. Biza ma daga gida muka nema. Abin da ya fi ba ni wahala kuɗin ajiya ne: kamfanin haya yana riƙe wani kaso a katin banki har sai an dawo da mota, a lokacin kuwa katin naira ba ya aiki a waje, sai da na tanadi katin dala. Kuɗin ƙasar, dalar Namibiya, darajarsa ɗaya da rand na Afirka ta Kudu, kuma ana karɓar rand ɗin a ko'ina.

Mun sauka a filin jirgin Hosea Kutako, kilomita 45 daga Windhoek, babban birnin ƙasar. Karɓar motar ya ci mana fiye da awa biyu, kuma ban ga minti ɗaya da aka ɓata ba. Hilux ce mai ƙofa huɗu, mai ja da taya huɗu, irin wadda mutanen Nijar ke ce wa kat-kat. A samanta tanti biyu ne a naɗe, kowanne da tsaninsa. A baya akwai ƙaramin firij, tukunyar gas, tebur da kujeru, tankin ruwa, shebur, injin bugun iska, da safaya biyu. Yaya bai yarda mun tashi ba sai da ya sa aka nuna mana inda jak yake kamawa, ya sauke safayar da ke ƙarƙashin mota da hannunsa ya mayar, ya kuma sa ɗansa ya buɗe tanti ya naɗe sau biyu. Ni kuma na ɗauki hoton kowane ƙarce da ke jikin motar.

Takardar yarjejeniya ita ce na so a ce na karanta tun ina gida, da shayi a gabana. Doka ta yarda a yi gudun kilomita 100 a burji, amma kamfanin ya ce 80, kuma akwai na'ura a jikin motar da ke rubuta gudu da wuri da lokaci. Ba a tuƙi a bayan gari bayan faɗuwar rana, saboda dabbobi. Wanda ya karya ɗaya daga cikin waɗannan ya yi hatsari, inshora ta fita daga maganar. Taya da gilashin gaba kuwa ba sa cikin inshorar sai ka biya ƙari. Ban biya ba, don na ga kuɗin da yawa.

Ana tuƙi ta hannun hagu, sitiyari yana dama, giya da hannun hagu. Kwana ɗaya ya ishe mu sabawa, sai dai a shataletale kowa ya yi shiru ya bar direba ya natsu. A Windhoek muka yi sayayya. Akwai Musulmi a garin, akwai masallaci, kuma a can muka samu naman halal muka cika firij, domin bayan nan ba mu da tabbacin yanka. Yaji da garin kunu daga gida muka taho da su.

Daren farko a Sesriem, sansanin da ke mashigar Sossusvlei, sanyi ya koya mana darasi. A gida Yuli tsakiyar damina ce, a can kuwa tsakiyar hunturu, kuma sanyin hamada da asuba ya wuce duk wani sanyin Janairu da na sani a Kano. Ruwan alwala kamar ana yanka hannu da reza. Daga ranar, kafin mu kwanta sai mu tafasa ruwa mu cika filas saboda asuba. Alƙibla ma sai da muka gyara tunaninmu. Mu da muka saba cewa "gabas", a can sai ka fuskanci arewa ka ɗan karkata dama, kuma da tsakar rana inuwa kudu take faɗuwa. Yaya ya fi yarda da ƙaramin kamfas da ya zo da shi a kan waya, tunda sabis yana ɗaukewa da zarar an bar gari.

Amfanin kwana a cikin gandun shi ne ƙofar ciki, wadda ake bi zuwa Sossusvlei, tana buɗewa awa ɗaya kafin fitowar rana, ta waje kuwa sai rana ta fito. Daga Sesriem kwalta ce ta kusan kilomita 60, sai ragowar wajen kilomita 5 na rairayi mai zurfi. Nan ne wurin da na yi watanni ina tsoro. Yaya ya sauka ya rage iskar tayoyi har suka yi ciki, ya sa ƙaramar giyar taya huɗu, ya bi sawun waɗanda suka riga mu, ba gudu ba tsayawa. Cikin kwata muka wuce. Muka taka zuwa Deadvlei, wani farin fili na busasshen yumɓu da jajayen tudu suka kewaye, da baƙaƙen itatuwa da suka mutu shekaru ɗaruruwa amma ba su ruɓe ba saboda tsananin bushewa. Mun daɗe a wurin ba mai magana.

Kuskuren yana cikin takardata. Na rubuta cewa a wannan ranar za mu kwana a Swakopmund, bakin teku, tafiyar kusan kilomita 350. Sai bayan azahar muka bar Sesriem, rana kuwa a Yuli wajen ƙarfe shida da rabi take faɗuwa. Da muka fito daga rairayi mun buga wa tayoyi iska irin ta kwalta, kuma saboda sauri ban tsaya na rage ta zuwa ta burji ba, duk da an gaya mana. A wani ɗan zango da ake kira Solitaire muka sha mai, don daga nan har garin Walvis Bay da ke bakin teku, sama da kilomita 200, babu wani gidan mai. Na karɓi tuƙi.

Hanyar C14, burjin da ya tashi daga Solitaire zuwa Walvis Bay, tana da faɗi, a wasu wurare a miƙe take sumul har ka manta ba kwalta ba ce. Na duba agogo, na duba rana, ƙafata ta yi nauyi. Na'urar motar ta fara ƙara tana gargaɗi, na ce a raina minti kaɗan ne. A wata kwana mai gargada, ina wajen 95, bayan motar ya sulluɓe ya yi hagu. Abin da jiki ke so a wannan lokacin shi ne taka burki da fizgar sitiyari. Yaya ya ce da ƙarfi, "Kada ka taɓa burki! Saki totur, riƙe ta a hankali!" Motar ta yi dama, ta sake yin hagu, sannan ta daidaita. Na tsaya a gefe hannuna yana rawa. Ɗan Yaya a baya sai salati yake yi.

Daga baya Yaya ya yi min bayanin abin da ya faru, ba faɗa ba tsawa. A kan gargada taya ba ta zama a ƙasa, tsalle take yi, kuma idan iska ta yi mata yawa tsallen ya fi tsanani. Tsakuwar da ke sama kamar gero ce a kan siminti. Ga tanti biyu a saman mota sun ɗaga nauyinta, don haka da zarar ta juya gefe tayar ta caki tudun tsakuwar bakin hanya, kifewa za ta yi. Ya ce rairayi yana tsayar da kai ne kawai, ka haƙa ka fita, amma burji mai kyau shi ke kashe mutane, saboda yana ba ka ƙwarin gwiwar da bai kamata ba. Na ɗauki ran yayana da na ɗansa na sa a kan awa ɗaya da nake son cimma, kuma har yau idan na tuna ƙirjina yana nauyi.

Bai ƙare a nan ba. Kusa da kwazazzabon Kuiseb dutse ya yanka tayar baya ta gefe, yankan da ba ya facuwa. Canza ta ya ci kusan awa, don ƙasar tana nutsewa da jak sai da muka nemo faffaɗan dutse muka sa a ƙarƙashi. Magariba ta same mu a fili, muka shiga Walvis Bay cikin duhu da hazon teku, muna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Washegari na sayi sabuwar taya a Swakopmund da kuɗin da ya fi ƙarin inshorar da na ƙi biya.

A daren nan na ba Yaya takardar da biro. Ya soke wurare biyu, ya mayar da kwana ɗaya ɗaya zuwa biyu biyu. Ya ce ranar burji kada ta wuce kilomita 250, kuma la'asar ta same mu a masauki. Kwana biyu a wuri ɗaya yana da wani amfanin da ban hango ba: tantin sama yana manne da mota, duk lokacin da za ka motsa sai ka naɗe shi, da sanyin safiya kuwa ledar tana taurin da zif ke gagara. Sauran ƙa'idojin a hanya muka tsince su. Duk gidan man da muka gani mu cika tanki ko da rabi ya rage, mu riƙe tsabar kuɗi don na'urar kati takan ƙi, mu kunna fitila ko da rana, mu rage gudu mu matsa gefe idan mota tana tahowa saboda tsakuwar da take watsowa gilashi.

A Spitzkoppe, tsakanin manyan duwatsun da suka tashi su kaɗai a fili, babu famfo a inda muka kafa tanti kuma babu wuta. Ruwan da ka zo da shi shi ne naka, na sha da na girki da na alwala, kuma a nan na gode wa Allah da jarkoki biyu da Yaya ya dage muka ƙara. Takalma a cikin mota suke kwana, saboda kunama.

Etosha tana da nata tsarin. Ƙofofin sansani suna rufewa da faɗuwar rana, gudu ba ya wuce 60, kuma ba a fita daga mota sai a wuraren da aka killace. Saboda haka lokacin salla ma sai an tsara shi da hanya: mu matafiya ne, muna ƙasaru, muna haɗa azahar da la'asar idan mun isa sansanin Halali ko mun dawo Okaukuejo. Akwai kuma dokar nama. An ja shingen kiwon lafiyar dabbobi a arewacin ƙasar saboda cututtukan shanu, kuma ba a fita da ɗanyen nama daga gandun zuwa kudu, a ƙofa ana buɗe firij a duba. Mun ji wannan da wuri, don haka a daren ƙarshe muka gasa duk abin da ya rage da yaji, muka miƙa wa maƙwabtanmu na tanti.

A Okaukuejo akwai tafki a bakin sansanin da ake haska wa fitila da dare, mutane suna zaune a bayan katanga shiru. Giwaye suka zo suka sha suka tafi, raƙuman dawa suka daɗe suna leƙe kafin su buɗe ƙafafu su sunkuya. Wajen ƙarfe goma karkanda ta fito daga duhu da ɗanta. Mun iso tun la'asar, mun ci, mun yi salla, babu inda za mu je da safe, don haka muka zauna har sanyi ya kore mu.

Ranar mayar da mota ma'aikacin kamfanin ya zagaya ta da takardarsa, ya duba sabuwar tayar ya ga irin tasu ce, ya karɓa. Sannan ya juyo min da fuskar kwamfuta. Ga duk hanyar da muka bi a zane, kore ce daga farko har ƙarshe, sai wani yanki tsakanin Solitaire da Kuiseb da ya yi ja, da wani kuma kafin Walvis Bay da agogo ya nuna dare. Ya ce tunda ba abin da ya samu motar za su sake min kuɗin ajiyata, amma da ta kife a wurin nan, ni zan biya ta gaba ɗaya. Na roƙe shi ya buga min shafin a takarda. Yaya ya karɓa ya duba, ya ninke ta biyu ya sa min a aljihun gaba, ya ce mu tafi kada jirgi ya bar mu.