Layin biro a ƙafar Yaya

Talata, ƙarfe 11 na dare. Ina kan tabarma a barandar asibiti, barci ya ƙi zuwa.

Ranar Asabar kwanon rufi ya karci Yaya a ƙwauri, ciwon bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Jiya da daddare yana ta murƙususu wai ƙafar za ta cire. Na haska da fitilar waya, ɗan ja kawai na gani, na ce, "Haba Yaya, wannan ai raki ne." Har man zafi na sayo masa a kemis. Maganar nan ita ke cin raina yanzu.

Da safe zazzaɓi ya rufe shi, muka kawo shi. Wata nas ta zagaye wurin jan da biro. Ba a yi awa 2 ba ya tsallake layin, fatar ta fara duhu da ƙuraje masu ruwa. Nan take aka fara maganar tiyata.

Bayan la'asar likita ya zaunar da mu ni da Umma. Ya ce yana kyautata zaton ƙwayar cutar sitireptokokas ce rukunin A, wadda ke sa yara ciwon maƙogwaro. Idan ta samu ƙofa ta nutsa, sai ta bi tantanin da ya lulluɓe tsoka tana gudu ta ƙarƙashi, sama lafiya lau, ciki nama na mutuwa. Shi ya sa azabar ta fi abin da ido ke gani. Tana sanye da riga mai kama da naman jikinmu, sai fararen ƙwayoyin jini su wuce ta ba su gane ba. Gudan jinin da jiki ke yi don ya killace ta, narkar da shi take. Mafi muni wata guba ce da ke tunzura garkuwar jiki gaba ɗaya, jini ya faɗi, ƙoda ta tsaya.

Umma ta ce, "Likita, allura ba za ta isa ba?" Ya ce har yau fenisilin na kashe ta, amma jini ba ya kai magani cikin mataccen nama, dole wuƙa. Sun haɗa da maganin kilindamaisin don ƙwayar ta daina fitar da gubar. An yi tiyatar, gobe za su sake buɗewa su duba.

An ce mu riƙa lura da ledar fitsari don a ga ko ƙoda na aiki. Sau 4 ke nan ina leƙawa. Ya ɗan ƙaru, alhamdu lillahi.