Saƙon da ke ba mutum damar cewa ba zai zo ba

A ƙaramin asibitin haƙori irin wanda nake kula da teburin karɓar majinyatansa a unguwar Wuse da ke Abuja, lokacin likita shi ne hajar da ake sayarwa. Idan aka ware wa mutum minti arba'in domin a cike masa kogon haƙori, bai zo ba kuma bai sanar ba, kujera za ta zauna haka nan bayan an riga an dafa kayan aiki, alhali akwai wanda ciwo ya hana barci da aka ce wa ya dakata sai mako mai zuwa.

Galibin masu saɓa alƙawari ba raini ne ke hana su zuwa ba. Wasu mantuwa ce, wasu kuma ciwon ne ya lafa suka ga babu sauran dalili. Waɗanda suka fi ɗaukar hankalina su ne masu sanin tun jiya cewa ba za su samu zuwa ba, amma kunya ta hana su ɗaga waya, domin a wurinmu ce wa likita an fasa abu ne mai nauyi a baki, yin shiru ya fi sauƙi. Saboda haka saƙon da iyakarsa tuna wa mutum ranarsa rabin aiki ya yi. Wanda muke aikawa yanzu yana cewa: "Salamu alaikum Hajiya. Likita zai gan ki gobe Talata da ƙarfe 10 na safe. Idan za ki zo ki amsa da 1, idan uzuri ya taso ki amsa da 2, za mu sauya miki rana babu damuwa." Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ke fito da gaskiya, domin danna lamba ɗaya ba ya buƙatar dogon bayani ko neman afuwa.

Lokacin aikawa kuwa, a Abuja hanya ce ke yanke shi. Mai tahowa daga Mararaba, Nyanya, Kubwa ko Lugbe, idan an ba shi ƙarfe tara, tun da sassafe ya kamata ya fito saboda cunkoso, don haka tunatarwar safiyar ranar ba ta amfane shi da komai. Bayan la'asar ɗin jiyanta ya fi. Ranar Juma'a ba ma sa kowa a lokacin masallaci, cikin azumi kuma sai mun tambaya tukuna, tunda mutane da yawa ba sa son a taɓa musu baki da rana.

Sai batun ta inda saƙon zai bi. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana nuna ko an karanta, sai dai ba kowa ke barin data a kunne ba. Saƙon tes yana shiga kowace irin waya, amma yana da tarkuna biyu. Tun 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta ba masu waya lambar 2442 domin toshe saƙonnin talla, kuma idan kamfanin da ke aika muku saƙo da yawa ya bi ta layin talla, tunatarwarku ba za ta kai ga waɗanda suka toshe ba, ku kuna nan kuna zaton ta isa. Na biyu, saƙo guda yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa ƙ, ɗ ko ɓ sai ya koma 70, kuɗin aikawa ya ninka. Ina son rubutu mai ƙugiya, amma a tes nakan haƙura da shi.

Dattawa dai kira ya fi musu, ko saƙon murya. Akwai kuma abin da ya wajaba a tambaya tun ranar buɗe kati, wato lambar ta wace ce, domin sau da yawa ta ɗa ce ko ta maigida. Wannan ne ya sa ba ma ambaton ciwon mutum a cikin saƙo, rana da lokaci kawai. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta sa bayanin lafiya cikin abubuwan da ake tsananta kiyayewa.

Wasu wurare sun fi dogara da karɓar kafin alƙalami, wanda bai zo ba ya yi asararsa. Ni ban ga dacewarsa ba sai a dogon aiki, kamar dashen haƙori, domin a ƙaramin aiki korar mutane yake yi. Abin da ya fi biya shi ne ajiye sunayen masu jira da ke kusa, a Wuse, Utako ko Garki, ta yadda da wani ya amsa da 2 da yamma, za a kira na farko a cikinsu a ba shi gurbin kafin a tashi daga aiki.