Allurar Tarwada a Bakin Tekun Japan

Kwana huɗu ke nan da dawowata, har yanzu ƙarnin teku bai bar hancina ba. Daga Tokyo jirgin ƙasa na Keikyu ya sauke ni a Misakiguchi, bas ta ƙarasa da ni tashar binciken halittun teku ta Misaki, wadda aka kafa tun 1886. Ba kwandasta, ba "a matsa a gyara", motar tsit kamar gidan makoki.

Mai masaukina, wata dattijuwa da ɗalibai ke kira Sensei, wato malama, ta tsamo tauraron teku, wata dabbar ruwa mai siffar tauraro, daga tanki, shuɗi mai ɗigon ruwan goro, bai wuce tafin hannuna ba. Ba shi da ƙwaƙwalwa, sai zoben jijiya a kewayen baki da jijiya guda a ƙarƙashin kowane hannu. A jijiyoyin hannayen nan ake samun ɗan guntun furotin mai kai saƙon jijiya, wato niyurofeftayid, mai suna RGP, dangin sinadarin rilaksin na jikin mai juna biyu. Shi ba ya taɓa ƙwai da kansa, ɗan aike ne. Ƙwayoyin halittar da ke kewaye da ƙwan yake tasa, su fitar da sinadarin 1-methyladenine, wanda masanin kimiyyar Japan Haruo Kanatani ya gano a 1969, sannan ƙwai ya nuna. Sensei ta ɗiga sinadarin a farantin da ƙwan dabbar ke ciki, ta ce in leƙa madubin ƙara girma. Kafin shayina ya gama hucewa, da'irar da ke tsakiyar kowane ƙwai ta narke ta ɓace. Na yi kabbara da ƙarfi, ɗalibai duk suka waiwayo.

Nan take gonar kifin ƙanena ta faɗo mini: a yi wa tarwada allurar Ovaprim mai nunar da ƙwai da yamma, da safe a matse cikinta. Sinadarin GnRH ɗin da ke cikin allurar ma ai saƙon jijiya ne. Da na ba Sensei labari, ta ce haka suke yi wa kokwambar teku, wata dabbar ruwa mai siffar kokwamba, da sinadarin cubifrin, amino asid (tubalan furotin) biyar kacal, sai dabbar ta ɗaga kai tana lilo, ta zubar da ƙwai.

Da dare ita wannan kokwambar aka kawo mini, ɗanya, cikin ruwan tsami. Kamar taunar ganda da ba ta ga wuta ba. Na haɗiye don kunya, na cika ciki da shinkafa. Sensei ta biya, ta hana ni ko taɓa aljihu. Gara da ta yi, domin kuɗin kankana ɗaya da na gani a kanti ya isa cefanen gida na kwanaki.

Washegari Yokohama, ruwan sama wuni guda. Kashegarinsa sai filin jirgi.