Godiya bayan kare kundina a Yamai

Assalamu alaikum ƴan'uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, jiya na kare kundin kammala karatuna a Jami'ar Abdu Mumuni, kuma malaman da suka zauna a kansa sun amince da aikin.

Godiya ta farko ga malamina da ya duba aikin tun daga tushe. Malam, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Shi ne ya hana ni rubuta layi ko ɗaya sai na iya zana masa a allo, ba takarda a hannu, yadda ƙwayar cutar Sida ke shiga ƙwayoyin garkuwar jiki.

Ga masu ta tambayata a WhatsApp ko a kan me aikin yake: a jikin rigar ƙwayar cutar Sida akwai wasu ƙayoyi da aka yi da furotin da ake kira gp160, wanda ake datsewa gida biyu, gp120 da gp41. Shi gp120 ne ke fara kama wani maƙali mai suna CD4 a jikin farar ƙwayar jini, ya sauya siffa, sannan ya kama maƙali na biyu, CCR5 ko CXCR4. Sai gp41 ya miƙe ya soki fatar farar ƙwayar jinin kamar ƙugiya, ya lanƙwashe ya jawo fatun biyu har su haɗe, kayan cikin cutar su zube ciki. Maganin enfuvirtide da aka amince da shi a 2003 gp41 yake tarewa, maraviroc na 2007 kuwa CCR5 yake toshewa.

Ina kuma gode wa malamar da ta matsa mini da tambaya: tun 1983 aka gano ƙwayar cutar a Cibiyar Pasteur ta Faransa, me ya hana allurar rigakafi, alhali furotin ɗin a waje yake? Amsar ita ce kusan rabin nauyin gp120 sukari ne da ya lulluɓe shi, ƙayoyin nan kaɗan ne a jikin kowace ƙwayar cuta, ga shi kullum suna sauya kama. A ganina tambayar nan ta fi duk yabon da aka yi mini amfani.

Inna da Baba, da kuka taso tun daga Tawa cikin wannan zafi, Allah ya ja kwana, ya ba ni ikon kyautata muku. Yaya, kuɗin buga kundin nan daga aljihunka suka fito, ban manta ba. Abokan karatu da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, Allah ya bar zumunci.

Ranar Asabar bayan la'asar akwai ƴar walima a gidan Kawu, kowa ya zo.